Gwangwanin da Na Jefa a Rijiya

Shekara ashirin da bakwai ke nan ina koyar da Turanci a makarantun sakandare, galibinsu a Zariya da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Na fara da wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Abin da na yi wa ɗana na fari da ilimina na yi shi, da ƙurar alli a hannuna, kuma a lokacin gani nake gata nake yi masa.

Ba zan kama sunansa ba. Ɗan fari ne, ko a gida "wannan yaron" nake cewa, mahaifiyarsa kuwa iyakarta "shi". Kakarsa ce kaɗai, Allah ya jiƙanta, take kiransa "maigidana", tana yi masa tsiyar bai kawo cefane ba.

Tun yana firamare muka lura boko ba ya shigarsa. Ba wai ba ya ji ba ne. In ka faɗa masa abu da baki ya riƙe ke nan, a Islamiyya ma haddarsa ba ta da laifi, domin da kunne yake ɗauka. Amma ka miƙa masa littafi ka ce ya karanta, sai ka ga gumi ya karyo masa. Ya sa yatsa a kan layi, ya yi ta in'ina, ya tsallake kalma, ya dawo, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Ƙanwarsa da ya girme ta da shekara uku ta kamo shi, ta wuce. Ni kuwa fassara ɗaya na yi wa lamarin: wasa ya yi masa yawa.

Wasan nasa kuwa a cikin wani gwangwanin madara yake, irin babban nan. Ciki akwai sukudireba biyu, da filaya mai karyayyen hannu, da ƙarfen liƙi da 'yar dalma, da guntayen waya, da maganaɗisun da ya ciro daga matattun rediyoyi. Da kuɗin tararsa ya tara su ɗaya bayan ɗaya. Tocilan ta mutu a unguwa, wurinsa za a kawo. Fankar ɗakin uwarsa da na ce a jefar, shi ya kwance ta a tsakar gida ya mayar, ta ƙara shekara huɗu tana juyawa. Duk ina gani. Ban taɓa ce masa sannu ba.

A 2014 ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, yana da shekara goma sha huɗu. Sakamakonsa ba ya nunuwa, Turanci kuwa, darasin da ubansa yake ci da shi, nan ya fi faɗuwa. Ana cikin haka wata rana muna zaune a ɗakin malamai sai malamin lissafi ya ɗago ya ce, "Malam, ashe injiniya kake ɓoyewa a gida? Jiya yaronka ya tayar mini da janareta, bayan mai gyara ya ce sai dai in sayi wani." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Sai wani daga gefe, wanda ya riga ya ga sakamakon, ya ce, "To, albasa dai ba ta yi halin ruwa ba." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, irin wadda ta fi kuka ciwo.

Da na koma gida na tarar da shi a zaure ya baje kayansa, yana liƙa wata waya. Ban yi masa magana ba. Na tattara kayan na zuba a gwangwanin, na wuce ƙuryar gida inda tsohuwar rijiyar da muka daina jan ruwanta take, na ɗaga murfin na sake shi. Har yau ina jin ƙarar faɗawarsa. Yaron ya biyo ni, ya tsaya, bai yi kuka ba, bai ce uffan ba. Na ce masa daga yau littafi ne abokinsa. Mahaifiyarsa ta ce, "Malam, da ka ɓoye masa su kawai." Na ce ta yi mini shiru, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A makon ne kawunsa, yayan mahaifiyarsa, ya zo daga Kaduna. Mai walda ne a tsohuwar Panteka, bai wuce firamare ba. Da ya ji abin da ya faru ya same ni bayan sallar isha'i, ya yi ta kewaye-kewaye irin na suruki, sannan ya ce, "Malam, ba shiga hurumin da ba nawa ba zan yi. Amma yaron nan a hannu Allah ya ajiye masa nasa rabon. Ko ka ba ni shi, ko ka kai shi makarantar koyon sana'a ta gwamnati, can ma ai karatu ake yi." Na ce masa na gode, amma ɗana ba zai zama yaron gareji ba. A gabansa na faɗa, mutumin da da wannan sana'ar ya gina gida, ya sauke farali, ya kuma taɓa ranta mini kuɗin haya.

Abin da ya sa na ce ba ni da uzuri shi ne, na san hanyar da yake nufi, na ma fi shi saninta a takarda. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982 ba a gina shi don kowane yaro ya bi layi ɗaya ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta buɗe ƙofa huɗu ga wanda ya gama aji uku: babbar sakandare, ko kwalejin fasaha, ko cibiyar koyon sana'a, ko zama a hannun wani gwani a koya. An so a duba abin da yaro ya fi iyawa a tura shi can. Don haka aka sa darasin share fagen fasaha a ƙaramar sakandare, aka kuma sayo injuna da kayan aiki daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba. A makarantar ƙauyen da na fara koyarwa na tarar da irin waɗannan kaya a cikin akwatunan katako, shekaru bayan zuwansu, ba a buɗe wasu ba, domin babu wutar lantarki, babu ɗakin da za a kafa su, babu malamin da ya san kansu. Gara ta cinye katakon, tsatsa ta ci sauran. Mu malamai har zama muke yi a kansu mu ci gyaɗa muna zagin gwamnati. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan yi wa baiwar ɗana abin da aka yi wa akwatunan nan ba.

Na kuma san cewa wanda ya shiga kwalejin fasaha bai bar karatu ba. Shekara uku yake yi, yana koyon wayarin ko kanikanci ko gini ko kafinta, tare da Turanci da lissafi da kimiyya, ya zauna jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992 domin wannan fanni. Da takardarta ana neman shiga kwalejin kimiyya da fasaha, har jami'a, kamar yadda ake nema da ta WAEC ko NECO. Duk wannan na sani, na sha rubuta shi a allo in ana taron iyaye. Ga 'ya'yan wasu nake nufi.

Gaskiyar da ta ɗauke ni shekaru kafin in iya furtawa ita ce, ba makomarsa nake karewa ba, sunana nake karewa. Wanda bai zauna a Zariya ba ba zai gane nauyin abin ba. Gari ne da in an haɗu a ɗaurin aure, bayan gaisuwa sai a ce, "Yaron nan naka wane fanni yake karanta a Samaru?" Ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga Barewa, ga Alhudahuda, kowane lungu da farfesansa. A irin wannan gari malamin Turanci zai buɗe baki ya ce ɗansa na fari yana naɗin waya? Na manta, ko na ƙi tunawa, cewa a garin nan dai akwai unguwa sukutum da ake kira Babban Gwani, da laƙabin maginin da ya gina Masallacin Juma'a na birni a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Masana gine-gine daga ƙasashen Turai sun zo sun auna bakan gizon da ya ɗaure da ƙasa da azara, sun yi rubuce-rubuce a kai. Kakanninmu sarauta suke ba gwanin hannu: Sarkin Magina, Sarkin Maƙera, Sarkin Dukawa. Mu da muka yi boko ne muka zo muka mayar da aikin hannu wurin zubar da waɗanda suka kasa.

Haka na tura shi aji huɗu. Ya maimaita. Na canza masa makaranta, na sake canzawa. Na ɗauko masa mai lesin, na zauna da shi da kaina bayan magariba da dorina a gefe. Kakarsa ta sa aka yi masa rubutun sha na buɗewar ƙwaƙwalwa, ya shanye bai musa ba. Ba ya musu da komai, abin da ya ruɗe ni ke nan. Yaron da da in ya shigo gida sai an ce ya rage surutu, ya koma kamar baƙo. Ya ci abinci a ɗaki, ya fita, ya dawo. Ni kuwa na ɗauka natsuwa ce ta zo.

A 2018 ya zauna WAEC. Kiredit biyar ake nema har da Turanci da lissafi, ya samo biyu, Hausa da addini. Turanci F9. NECO ma ba ta canza zane ba.

Nan ne na tafka kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni, don na farko ana iya cewa fushi ne, wannan kuwa da shiri na yi shi. Akwai irin makarantun nan da ake kira "senta", waɗanda kowa ya san abin da ake yi a cikinsu lokacin jarrabawa. Ni da na sha kama ɗalibai da satar amsa, na sha tsayawa a gaban taron safe ina cewa wanda ya saci jarrabawa kansa ya cuta, ni na ɗauki kusan albashina na wata guda na kai wa wani mutum a wani gari, aka yi wa ɗana rajista. Sakamako ya fito a 2019, kiredit bakwai, Turanci B3. Na kawo takardar gida ina murmushi. Ya karɓa, ya duba, ya miƙo mini, ya ce, "Baba, a allo aka rubuta mana." Na ce ya rufe bakinsa ya gode wa Allah.

Ranar ban koya masa komai ba sai abu ɗaya: cewa ubansa ya fi son takardar ƙarya da sunansa a kai a kan gaskiyar abin da shi yake.

Da wannan takarda na samar masa gurbin difloma a wata babbar makaranta, fannin harkokin mulki, fannin da ko sau ɗaya bai taɓa ambata ba. Bai daɗe da farawa ba cutar korona ta zo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, ya dawo gida. A zaman kullen nan ne mahaifiyarsa tana share ɗakinsa ta ci karo da kwalaben maganin tari a bayan katifa, babu komai a cikinsu. Gwamnati ta hana shigo da mai kodin da sarrafa shi tun watan Mayun 2018, amma duk wanda yake zaune a unguwa ya san hanin bai hana masu nema samu ba. Ta ɓoye mini har wata biyu, tsoron abin da zan yi. Wannan ma shaida ce a kaina. Da aka koma makaranta bai kai labari ba, a 2021 aka sallame shi saboda faɗuwa.

Daren da takardar sallamar ta zo hannuna na kira shi zaure, na shirya masa faɗan da ban taɓa yi ba. Na fara ke nan sai ya ɗago kai, abin da bai saba ba, ya ce, "Baba, don Allah in yi magana?" Na ce ya yi. Ya ce, "Tun ina aji ɗaya na firamare, kullum gari ya waye sai in tafi inda za a nuna mini ni daƙiƙi ne. In na dawo gida a sake nuna mini. Wallahi ina ƙoƙari. In na kalli takarda haruffan ba sa tsayawa wuri ɗaya. Abu ɗaya na iya a duniya, shi ma yana cikin rijiya." Bai ɗaga murya ba. Ya gama ya sunkuyar da kai yana jiran hukunci.

Shekara bakwai ban taɓa tambayarsa me yake gani in ya kalli takarda ba. Ni da aikina ke nan. Daga baya da na ba wata abokiyar aiki labari, wadda ta karanci ilimin masu buƙata ta musamman, ta ce abin da ya kwatanta sananne ne, ana kiransa disleksiya. Matsala ce ta yadda ƙwaƙwalwa take haɗa harafi da sautinsa, ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma in an gane da wuri akwai dabarun koyarwa da suke sauƙaƙa ta. Dorina ba ta cikinsu. Na tuna ɗaruruwan yaran da suka wuce ta hannuna masu irin wannan in'ina, waɗanda na rubuta wa "ba ya mai da hankali" da jan biro a katin sakamako.

Washegari na hau mota zuwa Kaduna. Tafiyar ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba, amma ban taɓa yin mai nisanta ba. Na sami kawunsa a rumfarsa, na ce na zo ne a kan maganar da ya yi mini shekara bakwai da suka wuce. Mutumin kirki, bai ce ai na faɗa maka ba. Ya kashe injin, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, kawo shi."

Wanda bai taɓa shiga tsohuwar Panteka ba, in ya je Kaduna ya leƙa. Tana nan kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kusan katanga ce ta raba su. Ƙarar guduma da walƙiyar walda ko ta ina. Nan ake ƙera ƙofofi da tagogi da gadaje, da injin niƙa da na casa, a narka alminiyam a zuba tukwane, a ɗauki abin da wani ya jefar a mayar da shi abin sayarwa. Ɗaliban injiniya da yawa in aikin kammala karatunsu ya tashi, nan suke kawo zanen a ƙera musu. A 'yan shekarun nan hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ƙarƙashin Farfesa Idris Bugaje, ta matsa a kan a riƙa gwada irin waɗannan gwanaye a ba su takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa, ko da ba su taɓa zama a aji ba. Ni da nake da digiri a aljihu, a wurin nan na ji ni ne baƙauye.

Kawun bai riƙe shi a walda ba. Ya ce ba nan hannunsa yake ba, ya kai shi wurin wani abokinsa mai naɗin koyil, wanda yake gyaran injinan ban ruwa da na burtsatse da janareto. Bayan wata uku na koma, na tambayi maigidan nasa yadda ake ciki. Ya ce, "Malam, hannunsa yana da kyau, kansa kuma yana ja. Sau ɗaya ake nuna masa. Amma an kawo shi a makare. Da tun yana sha huɗu ne, da yanzu shi ke da irin wannan rumfar." Yana faɗa ina kallon ɗana, mai shekara ashirin da ɗaya, yana share wurin, yana karɓar aike daga yara 'yan sha biyar, domin a ƙa'idar wurin wanda ya riga ka zuwa shi ne babba. Ni na jawo masa wannan.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna na tarar. Zaman koyon sana'a a hannun oga yana da nasa ciwon, kuma na gani da idona. Babu rubutacciyar yarjejeniya, babu ranar yaye, yaro zai iya shekara shida yana sayo abinci da wanke babur in ya haɗu da maras tsoron Allah. Akwai masu duka da abin da ke hannunsu. Na ga yara suna kallon wutar walda da ido tsirara, suna taɓa waya ba safar hannu. Kayan mayen da nake gudu, can ma akwai masu sha. Abin da ya fi damuna shi ne yara ƙanana da aka cire daga makaranta ɗungurungum, ba su iya rubuta sunansu ba, ba su iya lissafin kuɗin aiki ba, waɗanda ko sun ƙware wani ne zai riƙa karɓar kwangila da sunansu yana ba su ladan gaɓe. Ɗana ya tsira ne don yana kwana a gidan kawunsa, ana sa masa ido, kuma an dace da oga mai mutunci. Shi ya sa har gobe nake ganin da kwalejin fasaha na kai shi a 2014 da ya fi, duk da na san da yawansu injinansu sun tsufa, wasu ɗakunan aikin ma sai sunan. In ba ta samu ba, to a raba wa yaro yini, safe makaranta, yamma wurin aiki, uba kuma ya riƙa leƙawa.

Kwalaben nan kuwa, ba wa'azina ne ya raba shi da su ba. Kawunsa ya kai shi asibiti, aka ɗora shi a kan magani da shawara, ya yi ta faɗi-tashi kusan shekara. Amma na yi imani abin da ya riƙe shi shi ne, karo na farko a rayuwarsa yana tashi da safe ya tafi inda ake cewa "a kira shi, shi zai iya".

Abin da ban zata ba shi ne sana'ar ce ta mayar da shi ga karatu. Mai naɗin koyil dole ya karanta ɗan farantin da ke jikin inji, ya san ƙarfinsa, ya ƙirga zagayen waya, ya san kaurinta, ya rubuta don kada ya manta. Ya fara kallon bidiyon masu gyara na Indiya da Pakistan a YouTube, ya gano yadda zai sa waya ta karanta masa rubutu da murya. Wata ranar Juma'a a 2022 ya zo gida, ina zaune ina duba takardun ɗalibai, sai ya tsuguna ya miƙo mini wata 'yar takardar bayanin inji, ya nuna wata kalma, ya ce, "Baba, wannan me take nufi?" Tunda aka haife shi bai taɓa kawo mini rubutu da ƙafarsa ba sai ranar. Na faɗa masa, murya tana rawa. Ya kawo ta biyu. Muka kai har kiran isha'i. Daga baya ya yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ya sami mataki na uku, wanda shi ne na farawa, sannan ya zauna NABTEB ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Darussan sana'ar ya cinye su. Turanci da ƙyar ya tsallake, amma da hannunsa.

Bayan an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya gagari mutane da yawa, aka koma sola. Ya bi wani ya koyi haɗa faranti da batir da inbata, abin bai yi masa wuya ba. Lokacin da yawancin Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu a ƙarshen Oktoban 2024, ko barcin kirki ba ya samu saboda kira. Ba zan ce ya yi kuɗi ba. Shago ɗaya yake haya, yana da yara uku, ya kuma kafa musu sharaɗi cewa duk wanda bai je makaranta da safe ba kada ya zo masa da yamma. Fitilar da nake wannan rubutu a ƙarƙashinta shi ya haɗa ta.

Ina ganin musun da ake ta yi a Facebook, wai digiri ko sana'a, kowane ɓangare yana jifan ɗaya. Ni dai a gidana musun bai da wurin zama. Ƙanwar tasa tana jami'a a Samaru, littafi ne abincinta, da na cire ta na kai ta ɗinki da na zalunce ta kamar yadda na zalunci yayanta. Kuma in za a yi maganar, a tuna da 'yan mata. Namiji in boko ya ƙi shi ana dai tunanin gareji. Mace kuwa sai a ce ai ba ta da kai, a ɗora mata talla kafin miji ya fito, alhali wata da za a ba ta keken ɗinki ko a sa ta gyaran waya da ta riƙe gida guda.

Na nemi gafararsa. A wurinmu uba ba ya ba ɗa haƙuri, sai dai ya saya masa wani abu a wuce wurin. Na so in yi hakan, na sayo akwatin kayan aiki mai kyau na kai masa shago. Da na ajiye sai na ga bai isa ba. Na ce, "Abin da na yi maka, ka yafe mini." Ya rikice, ya durƙusa, ya ce, "Haba Baba, wallahi ba komai." Na yarda ya yafe. Amma surutun nan nasa na yarinta bai dawo ba. Yana zuwa duk mako biyu, ya gaishe ni a tsugune, ya ajiye abin da ya kawo, ya shige wurin uwarsa, can nake jiyo dariyarsa. Rijiyar an daɗe da cike ta, an yi dakali a kai. Takardar mai kiredit bakwai tana ƙasan akwatina, bai taɓa tambayarta ba.

Yanzu in na shiga aji, ɗalibai tamanin ko fiye, layin baya nake fara dubawa. A zangon da ya wuce akwai wani yaro a aji uku, karatu yana ba shi wuya ƙwarai, amma duk makullin da ya lalace a makarantar shi ake kira, kujerun ajinsu ma shi ya ɗaure su. Na zauna da shi, na tambaye shi me yake gani in ya kalli takarda. Sannan na je har gida na sami mahaifinsa, ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai kamala. Na ba shi labarin nan tun daga gwangwani har zuwa kwalabe, ban rage komai ba, na ce ya je ya duba kwalejin fasaha kafin a koma hutu, ni zan raka shi. Ya saurare ni har na gama, ya yi godiya, ya rako ni bakin ƙofa. Sannan ya ce, "Malam, na ji, Allah ya saka da alheri. Amma ni ɗana ba zai zama yaron gareji ba."

Yaron yana aji huɗu yanzu, a layin baya, kusa da taga. Ranar Asabar zan sake komawa wurin uban.